Layi Biyu na Malam Sidi

Malam Sidi ya rasu, sai muryarsa ta rage cikin darussan lissafin da ya ɗora a intanet. Kullum yakan rufe da cewa, "Abin da ka koya a waya, ka nuna a allo."

Wata rana aikin gida ya gagari 'yarsa Tabawa. Yayanta ya ce, "Kawo wayar in cike miki. Wa zai sani?"

Ta ce, "Allo zai sani, Yaya."

Sau bakwai tana maimaita darasin. Washegari sabuwar malama ta kira ta gaban aji. Tabawa ta warware lissafin tsaf, ta ja layi biyu ƙarƙashin amsa, yadda babanta yake yi.

Malama ta ce, "Wannan hannun Malam Sidi ne."

Allah ya jiƙansa. Ku ce amin.