Ɗigon Da Ta Gani A Kan Dogo

Ta sake juya hoton a fuskar kwamfutar. Ɗigon yana nan, kamar ƙwayar wake, can ɓangaren hagu.

Satinta na farko ke nan da fara koyon manhajar nazarin hoton ƙwaƙwalwa a sashen bincike na asibiti. Malamarsu ta ce kowa ya kawo lafiyayyen mutum ɗaya a ɗauki hoton kansa don gwaji. Ita kuwa ta jawo Dogo, telan da aka kusa sa musu rana, ya shiga na'urar yana tsokanarta wai kada ta tona masa asiri.

"Malama..." ta kira. "Ko ni ce na yi kuskure wajen loda hoton?"

Malamar ta ja kujera, ta bi hoton sala-sala.

"Ba kuskurenki ba ne. Jijiyar jini ce ta kumbura, in ta fashe akwai matsala. Na wane ne?"

"Na wanda zan aura..."

Abokin karatunta da ke gefe, wanda ta sha ƙin amsa tayin soyayyarsa, ya kwashe komai a kunnensa. Kafin ta isa gida labari ya riga ta, har an ƙara masa gishiri.

Baba na tsaye a falo.

"An ce yaron nan ƙwaƙwalwarsa ta taɓu."

"Baba, wallahi ba taɓin hankali ba ne. Jijiya ce, aiki za a yi masa."

"A tsaga kan mutum ki ce min aiki? In ya tashi bai gane ki ba fa? Ba zan aurar da ke ga jinya ba. A dakatar da maganar."

Washegari ta sami Dogo a shago. Tana gama bayani ƙafarsa ta tsaya cak a kan keken ɗinki.

"Baba ya yi gaskiya, 'yar bokona. Ki ƙyale ni."

"Ni na gano shi, Dogo. Sai in gani kuma in gudu?"

"Tsoro nake ji..."

"Nima haka, masoyi. Tashi mu je, likita na jiranmu."

Ranar aikin ta zauna a dogon bencin ƙofar tiyata. Duk buɗe ƙofa sai ta miƙe zumbur. Ta riga ta san hoton ciki da waje, ta san maƙwabcin jijiyar nan shi ne sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa magana. Tana cikin hawaye ta ji an zauna kusa da ita. Baba ne. Carbi yake ja.

Sai bayan la'asar aka bar su suka shiga. Kan Dogo naɗe da bandeji, hannunsa na dama a yashe, likita ya ce sai an yi ta gasa hannun ana motsa shi kafin ya riƙe almakashi.

Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallonta, babu alamar komai a fuskarsa.

"Dogo... ni ce."

Leɓensa ya motsa. Ta sunkuya kusa da shi.

"Kin... rame," ya ce da ƙyar. "Kin ci abinci?"

Kuka ya ƙwace mata, haɗe da dariya.

Baba ya juya baya ya share ido da bakin hannun riga, ya fita baranda. Ta jiyo shi a waya yana ce wa Umma, "Ki aika wa mutanensa. In ya miƙe su zo a sa rana."