Sakaina a Gonar Gero

A wani gari, tun zamanin da, an yi wani mutum mai kyakkyawan gemu, wanda mutanen garin suka raina saboda ba su san daraja ba. Laifinsa ɗaya ne: kome ya gani sai ya ce, "In aka yi kaza fa?"

Wata shekara tsuntsaye suka far wa gero. Kowa ya tsaya a gona yana ihu har muryarsa ta dushe. Shi kuwa ya zauna yana huda sakaina yana zura mata igiya.

Matarsa ta ce, "Malam, da gemunka kake wasan yara? In geron nan ya ƙare, sakainar zan dafa maka."

Ya rataye sakainar a gona, ya ɗaura igiyar a babban yatsan ƙafarsa, ya miƙe a gindin tsamiya. Da ya motsa yatsa sai sakaina ta yi ƙwaram-ƙwaram, tsuntsaye su watse.

Amma ai yatsa ma yana gajiya. Ya dubi akuyarsa ya ce, "In aka yi kaza fa?" Ya ɗaura mata igiyar, ya yi barcinsa.

Da ya farka, tsuntsu bai taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Akuya ce ta cinye kunya uku.

Matarsa ta ce, "To Malam, an yi kazan."

Sauran geron ya cika rumbu. Da shekara ta zagayo, duk garin aka rataye sakaina, babu wanda ya ce masa sannu. Labarin akuyar kawai suke bayarwa, marasa kunya.