'Ya'yan Karyar Inna Mairama

A shekarar da aka sauke tutar Turawa, wata tsohuwa mai raunin ido ta shigo caji ofis na Bagudo tana lalube da sanda. Da kofur ya ji abin da aka sace mata, wai 'yan kwikwiyo, sai ya kama dariya har hularsa ta karkace.

Sufeto Na'Allah bai taya shi ba. Shi dama dariyarsa tsada gare ta.

"Inna, zauna ki gaya mini."

"Ni ce Mairama ta Kende, matar marigayi Ɗanmaliki maharbi. Karyata Kyalla ta haihu, anka kwashe ɗiyan duka. Tun ran nan ba ta ci ba ta sha, nono ya kumbure mata. Ita ka kai ni rijiya, ɗan nan. In ta mutu, ni ma na zauna ke nan."

Sufeto ya ɗauki kekensa, ya goya ta a baya.

A Kende ya tarar da Kyalla kwance a gindin rumbu, jikinta zafi rau, ko kuɗa ba ta iya kora. A makwancinta ya tsinci farin gashi mai tsawon yatsa.

"Wannan ba gashin karen Hausa ba ne."

"Na ɗiyan ne," in ji Mairama. "Mutane na hwaɗin wai kura ta haye ta. Ƙarya suka yi. Bin fatake ta yi har bakin iyakar Dahome, inda wani Bafaranse ya tahi gida ya bar ƙaton karensa mai gashi. Laushinsu kamar auduga, kunnuwa har ƙasa."

"Wa ya zo ganinsu?"

"Sarkin Baka Malami. Bai ce mini komi ba, tsaki dai na ji."

Sarkin Baka, shugaban maharban yankin, yana gyaran kibiya a zaure. Mutum ne da ko gaisuwa sai ya ja mata aji.

"Ranka shi daɗe, ni ban taɓa ɗora ido kansu ba. Mi zan yi da abin da tahin ƙahwarsa ya kai na ɗan maraƙi?"

"Ba ka gan su ba, amma ka auna tafin ƙafarsu?"

Sarkin Baka ya ajiye kibiyar.

"To, na gani. Irin karnukanmu tun kakanni muka tsaronsa, ba mu barin shi garwaye. Na yanke a taron maharba a jefa su kogin Kwara. Da mutanena sunka je, ba su iske komi ba."

Ke nan ɓarawon ya san da hukuncin, ya kuma riga masu zartar da shi. Jariran da babu uwa kuwa dole wani yana ba su abin sha. Sufeto ya wuce gindin tsamiya wurin masu tallar nono.

"Wa ke sayen madara ɗanya a 'yan kwanakin nan?"

Wata Bafulatana mai suna Saratu ta rufe baki da gefen mayafi. "Lauwali maharbi. Gwauro da shi, kullum sai ya cika ɗan tulu. Mun ce ko haihuwa ya yi bai gayyace mu suna ba."

Sufeto ya koma ya sa Kyalla a kwando, ya ɗaure a bayan keke, ya turo shi a hankali. Mairama ta dafa sirdin tana biye.

Lauwali, dogon mutum mai furfura a gemu, yana tsugune a ƙofar gidansa.

"Madarar fa?"

"Gyambon ciki gare ni, ranka shi daɗe."

"Allah ya sawwaƙe. Farin gashin da ke hannun rigarka kuma, shi ma na gyambon ne?"

Kafin ya haɗa wata ƙaryar, Kyalla ta ɗaga kai. Karyar da ba ta iya korar kuɗa ta faɗo daga kwando, ta ja ciki har bayan danga. Nan take aka ji kukan jarirai. Suka fito tuɓus-tuɓus daga cikin tsohon bargo, kowanne da toka da man kaɗanya a kunnensa na dama, suka afka wa nono. Sufeto ya juya ga Lauwali.

"Ni na ɗauke su," in ji Lauwali, kansa a ƙasa. "Al'adarmu, kwikwiyon da anka tsaga wa kunne ya zama karen farauta, ko Sarkin Baka ba shi da ikon kashe shi. Amma ba a tsagawa sai ido ya buɗe. Shi na tsaya jira. Jiya sunka buɗe."

"Me ya hana ka gaya mata?"

"Inna ba ta iya ƙarya ba. Da an tambaye ta sai ta hwaɗi. Ban san uwar za ta kwanta haka ba, wanga laihina ne."

Mairama ta durƙusa tana laluben 'yan kwikwiyon. Yatsunta suka tsaya a kan kunnen ɗaya, ta shafa, ta sake shafawa.

"Lauwali, tsaga biyu da huji? Wagga ai ba shaidar gidanku ba ce. Ta Ɗanmaliki ce."

"Shi ya koya mini riƙon baka, Inna. Karnukan gidansa ne, ba nawa ba."

Tsohuwa ta ɗago kai. "Sufeto, na janye ƙarata."

"Sai gobe a gaban alƙali, Inna. Ni ma zan faɗi abin da na gani."

Sufeto ya taɓa ankwar da ke ɗamararsa, ya bar ta a inda take. Lauwali ya karɓi keken yana tura masa, za su caji ofis. Sun kai bakin danga sai Lauwali ya waiwayo.

"Inna, ƙaramin nan mai baƙin tabo, 'yan'uwan na ture shi. Ki riƙa sa shi da hannunki."

"Ya riga ya kama," in ji ta, tana share ido da bakin zane.