Wardin Mama

Ranar da ya zo gyaran famfon gidansu ya fara ganinta, durƙushe a gaban wani wardi tana cire masa busassun ganye, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Yana amsa miki kuwa?" ya tambaya.

"Ya dai fi wasu masu gyaran famfo ladabi," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Shi ke nan fa, bawan Allah ya kamu! Gyaran awa ɗaya sai da ya ci mako biyu. Ta raɗa masa Injiniya, shi kuma yana ce mata Furena. A hira ya ji cewa marigayiya mamanta ce ta dasa wardin da hannunta.

Don neman fada, duk zuwansa sai ya faki ido ya kwarara wa wardin ruwa bokiti guda, alhali ita ma tana ba shi nasa kowace yamma. Ganye ya koma rawaya, saiwa ta ruɓe, wardi ya mutu.

Da kansa ya je gaban Babanta ya faɗi gaskiya.

"Wanda ya kasa riƙon fure ne zan ba 'yata?" in ji Baba. "Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Injiniya ya tura mata saƙo: "Furena, wallahi so ne ya yi mini yawa. Ki yafe mini."

"Na yafe, Injiniya. Amma duk na kalli wurin sai in ji kamar yau Mama ta rasu."

Abin da ba ta sani ba, ranar da aka tumɓuke wardin ya tsinci rassa biyar masu sauran kore a shara. Wani mai sayar da furanni ya koya masa ya huda gindin gwangwani, ya dasa rassan a ciki, ya riƙa cusa yatsa a ƙasar kafin ya ba da ruwa. Huɗu suka bushe. Ɗaya ya kama.

Bayan wata huɗu ya yi sallama, rungume da gwangwanin fenti, jan fure ɗaya tal a kai. Tana gani ta fashe da kuka.

Baba ya daɗe yana kallon furen.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Ni ma kowace safiya bokiti guda nake zuba wa wancan wardin, in kewar mamanta ta dame ni. Na sani sarai, na bar ka da laifin kai kaɗai."

Ranar ɗaurin aure su ukun suka dasa shi a gurbinsa na da. Amarya ta ƙwace bokitin, ta ce daga ango har Baba kada wanda ya ƙara taɓa shi.

Baba ya yi dariya, yana share ido da hannun riga.

"Allah ya yi muku albarka. Ka riƙe mini ita yadda ka riƙe reshen nan."