Yara Biyu a Kan Lilo

Duk wadda ta taɓa riƙe yarinya 'yar shekara biyu da rabi a ciki da falo ta san abin da ya fitar da ni ranar. Tsakar gidanmu a Federal Low-Cost siminti ne, ko tabarma biyu ba ya ci. 'Yata Ummi ta hau kujera, ta hau tebur, in ta gaji ta hau ni. Na zaga Gombe ina nema mata wurin wasa. Inda na samu lilo, ƙattin yara sun mamaye shi. Inda babu ƙatti, ƙarfen duk tsatsa.

Maƙwabciyata Ya Falmata ce ta ba ni labarin wata makarantar rainon yara da aka rufe a Manawashi.

"Akwai yashi, akwai ƙananan lilo daidai ita," in ji ta. "Ki gaida Bappayo mai gadi, zai buɗe miki. Amma Maman Ummi, ki fito kafin rana ta faɗi."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa manya.

Bayan la'asar muka isa, kuma wurin ya yi. Katanga doguwa da fasassun kwalabe a kanta, ƙofar ƙarfe guda ɗaya, ba hanyar da yaro zai sulale titi. Na ɗora Ummi a lilo, na zauna bayan wata darbejiya ina danna waya. Rabon da in huta haka har na manta. Ban lura da rana ba sai da na ji kiran sallar magariba, sannan na ji ƙarar kwaɗon ƙofa.

Ashe haka dattijon ya saba: in zai tafi masallaci, ta waje yake kulle ƙofa. Bai hango mu ba.

Na ruga na bubbuga ƙofar. Shiru. Na duba waya, babu sabis. Hayaniyar keke da ke titi ta ɗauke gaba ɗaya. Wani ƙanshi ya taso, turaren wuta gauraye da jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

A bayana lilo yana kuka. Ƙiii. Ƙiii.

Sai kukan ya zama biyu.

Na juya. Yara biyu ne zaune, kowacce a lilonta. Riga ruwan ɗorawa iri ɗaya. Kitson da na yi da hannuna da safe. Har ɗigon kunu a ƙirji.

"Ummi," na faɗa a hankali.

"Na'am, Mama."

Tare suka amsa.

Na kama Ayatul Kursiyyu, harshena ya yi nauyi, ban kai rabi ba. Na yi tunanin in kwashe su duka biyun, sai na tuna gida zan kai su. Ɗaya ce tawa, kuma duhu yana saukowa.

Sunan yanka na Ummi Safiyyatu ne, sunan uwar mijina, ga ta kuma 'yar fari. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba, babanta ma haka. Yarinyar ba ta san shi ba. Amma mutanen ɓoye, an ce babu sunan da ba su sani ba.

Na haɗiye kunya.

"Safiyyatu."

Ta hagu ta sauko tana murmushi, ta buɗe hannuwa.

"Na'am."

Ta dama ko ɗago kai ba ta yi ba, yatsa take tsotsa.

Na kauce wa mai zuwan, na suri ta dama, na manna ta a ƙirjina. Jikinta da ɗumi. Na yi ƙofa.

Sai wadda na bari ta fashe da kuka.

Kukan Ummi ne, har da shessheƙar nan da take yi a tsakiya.

Tana bina. Ina jin takun ƙananan takalma a yashi.

Kwaɗo ya buɗe. Bappayo ne, carbi a hannu. Ya dube ni, ya dubi bayana, fuskarsa ta canza.

"Fito, Hajiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki waiwaya."

Ya ja ƙofar ya kulle. Ta can ciki wani ɗan hannu yana bugun ƙarfe.

"Mama. Mama."

Sai da muka shiga keke, muka yi nisa, sannan na tuna wani abu. Duk ranar da na kai ta allurar rigakafi, da sunan yankan da ke kati nas take kiranta, kuma takan maimaita shi tana yi wa yarinyar wasa. Ashe Ummi tana iya saninsa.

Washegari da sassafe muka koma da babanta. Babu kowa, sai lilo biyu a tsaye. Bappayo ya ce shi bai ga komai ba, amma ya ƙi haɗa ido da ni.

Wata huɗu ke nan. Ummi tana ci, tana barci, tana ce mini Mama. Ta dai daina hawan kujera, ba ta kuma neman fita. Babanta ya ce girma ne. Ni kuwa nakan zauna ina kallonta, sunan nan yana bakina, na san kira ɗaya zai raba mini gardama.

Yanzu ba kunya ce ke hana ni ba. Tsoro nake ji kada ta amsa, in gane da gangan ta ƙi amsawa ranar nan.