Rigar Da Ya Yanka Da Hannunsa

"Dubi idona, Halilu, ka ce ba ka gane rigar nan ba."

Saliha ta ajiye wayar a kan keken ɗinkinsa. Ita ce a bidiyon, cikin jar riga mai geza, kafaɗunta na rawa da kiɗan bikutsi. Tun safe bidiyon yake yawo a wayoyin 'yan unguwarsu Briketeri, an rubuta wai jiya aka ɗauka a unguwar Tsinga.

Halilu ya ci gaba da taka keke, kamar da bango take magana.

Shekara shida Saliha ta yi a ƙungiyar rawa ta Madam Ngono da ke Tsinga. Ta iya bikutsi mai girgiza kafaɗa, ta iya asiko da ake yi wa kiɗa da kwalba, koroso kuwa ita ta koya musu. A wani biki Halilu ya fara ganinta tana rawa, ya bi ta har ƙofar gida. Jar rigar ma shi ya ɗinka mata. Amma da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa Hajja Jaratu ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da mai karkaɗa jiki gaban maza ba. Saliha ta sha kuka ta ƙoshi, sannan ta zaɓe shi, ta bar rawa. Ta kawo rigar shagon nan, ya sa almakashi ya yi mata gunduwa-gunduwa. Wata goma sha ɗaya ke nan ko a bikin ƙawa ba ta taka rawa ba.

Saura mako uku ɗaurin aure, Raliya, 'yar ƙanwar Hajja da ta daɗe tana harin Halilu, ta tono tsohon bidiyon nan. Hajja ta gani, ta ce an fasa.

"Masoyina... kai kaɗai ne shaidata. Kai ka ɗinka ta, kai ka yanka ta. Ta yaya zan sa ta jiya?"

"Na sani, sheri, masoyiyata."

"To ka gaya wa Hajja?"

Keken ya tsaya. Ya kama zare yana murzawa.

"In na faɗa, za ta gane ni nake ɗinka miki kayan rawa. Ni kuwa na rantse mata ban taɓa sanin kina yi ba..."

Ya shiga ba ta haƙuri, wai uwa uwa ce, wai ta bar wa Allah. Saliha ta ji tsanarsa ta cika mata baki, har da tsanar kanta. Ashe matsoraci ta bar rawa dominsa. Ta ɗauki wayarta ta fita, bai ko ɗago ba.

Bayan Sallah aka ɗaura masa aure da Raliya. Ƙawayen amarya suka cashe da bikutsi a tsakar titi, an ce Hajja Jaratu da kanta ta fito ta yi musu liƙi.

Ran Litinin Saliha ta koma Tsinga. Madam Ngono ta dube ta sama da ƙasa, ta ce gurbinta na gaba an daɗe da bai wa wata, in tana so ta shiga layin baya cikin sababbi.

Ta cire takalmi ta shiga. Aka saki kiɗa, yara 'yan shekara sha biyar suka ɗauka a tare, ita kaɗai ƙafarta ta makara.