Kekuna Takwas da Suka Mutu a Takarda

Maganar ta iso wa Malama ranar Talata daga bakin mai kitso, kowace jimla da "wai" a gabanta. Wai Auta na ɗibar kuɗin kamfani. Wai lissafi ne ya tona ta. Wai ranar Asabar Maigida, mai kamfanin, zai karɓe makullai ya kira 'yan sanda.

Auta ita ce ƙaramar 'yarta, kuma ita ke riƙe da reshen kasuwa na wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta. Ɗaya reshen, na bakin tasha, yana hannun wani da ma'aikata ke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki.

Malama ta shekara talatin da biyar tana koyar da lissafi kafin ta ajiye alli, ba ta taɓa ganin lamba ta tashi da ƙafarta ta nuna ɓarawo ba. Kullum akwai mai riƙe da ita.

Ta tarar da Auta a ofis, ido ya kumbura.

"Kin ɗiba?"

"Haba Mama!"

"Ba haba na tambaye ki ba."

"Wallahi ko zare ban taɓa kaiwa gida ba."

"To share fuska, ki ba ni takardar."

Shafi ɗaya ne, layi biyu. A sama an rubuta "ribar kadara". Reshen kasuwa, kashi ashirin cikin ɗari. Reshen tasha, kashi talatin. Maigida ya koyo wannan ma'auni a wani taron 'yan kasuwa bara, tun daga nan ba ya duban komai sai shi. Rassan biyu da keken ɗinki ashirin-ashirin aka buɗe su, aiki kuma daidai ake raba musu. Don haka ya yanke cewa kashi goman da ya ɓace yana cikin jakar Auta.

Malama ta fara da Akawu, wani siriri mai tabarau da ya taɓa zama a ajinta. Yana ganinta ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Zauna, ban zo da bulala ba. Mece ce ribar kadara?"

"Ribar shekara, Malama, a raba ta da darajar kayan da aka samo ta da su. Idan kayan ɗari ne suka jawo ashirin, kashi ashirin ke nan. Yana nuna ko kaya na aiki ko suna barci."

"Madalla, ashe ba duk barci ka yi a aji ba. Lamba nawa ake buƙata kafin a yi rabawa?"

"Biyu."

"To ina suke? Amsa kawai na gani."

Ya buɗe babban littafi. Reshen Auta: riba miliyan biyu, kadara miliyan goma. Reshen Mai Turare: riba miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, kadara miliyan shida.

Malama ta ɗora yatsa a kan shidan. "Gwanin naku ribarsa ba ta kai ta ɓarauniyar ba ma. Wa ya rage masa kaya?"

"Kekuna takwas sun mutu wata goma da suka wuce. An cire su daga littafi, asarar kuma aka ɗora wa babban ofis."

"Ka ga gawarsu?"

"Takarda na gani, Malama. Makaniken kamfani ya sa hannu, ga kuma rasit ɗin mai gwangwan da ya saye su a matsayin tsohon ƙarfe."

Ta duba rasit ɗin, ta kwafi kwanan wata da nauyin da aka rubuta. Ta sake bin lissafinsa da fensir, babu kuskure ko ɗaya. Mutumin da ke da hannu a sata ba zai buɗe littafi da sauri haka ba. Laifin Akawu ɗaya ne: duk abin da aka miƙo masa da tambari, gaskiya ne a wurinsa.

Makanike tana zarginsa tun kafin ta gan shi. Ta same shi a bayan reshen kasuwa, hannu baƙi ƙirin da mai, yana kwance kan wani keke.

"Kai ne ka kashe kekuna takwas rana ɗaya?"

"Ni? Baba, wane irin keke?"

"Tsofaffin nan masu ɗinka jakar makaranta."

Ya yi dariya har sifana ta suɓuce masa. "Waɗannan sai sun binne ni da ke. Bel kawai suke ci."

Ta nuna masa takardar. Dariyar ta ɗauke.

"Sunana ne, amma ba hannuna ba ne. Duba watan. Lokacin ina kwance asibiti, babur ya karya min wannan hannun. Cokali ma matata ke riƙe min."

"Da ka dawo ba ka tambaya ba?"

"Na tambaya. Mai Turare ya ce an mayar da su sito. Sito kuma ba hurumina ba ne."

"Kan keke ɗaya, kilo nawa?"

"Talatin, ban da tebur."

Rasit ɗin mai gwangwan ya ce kilo arba'in, na kekuna takwas.

Auta ta tabbatar da zancen karayar, ita ta kai masa gudummawar ma'aikata. Malama ta cire shi daga zargi, ta nemi littafin sito. Babu keke ko ɗaya da aka mayar. Amma kowane wata reshen tasha na karɓar fakiti huɗu na allura mai kauri, wadda ba ta shiga kowane keke sai tsofaffin nan. Sa hannun mai karɓa ɗaya ne wata goma, na Mai Turare.

"Matattu na cin allura," in ji Malama. "Auta, matar Mai Turare me take yi?"

"Ta buɗe shagon ɗinki bara. Har kati ya raba mana."

Ranar Alhamis Malama ta ɗauki tsohuwar jakarta da hannu ya tsinke, ta tafi shagon. Ta zauna kamar tsohuwar da ƙafa ta dama, ta yar da zobenta da gangan, ta durƙusa nema. An shafe kekunan da sabon fenti shuɗi, amma ba wanda ya tuna da ƙarƙashi. Ta karanta lambobin shaida na kekuna uku, ta riƙe su a ka kamar jadawali.

Ranar Asabar Maigida ya tara su a ofis, da sajan ɗin 'yan sanda a bakin ƙofa. Mai Turare ya gyara zama, ya ce cikin tausayi, "Mama, da kin zauna a gida. Lamba ba ta ƙarya."

"Ba ta yi, ɗana. Kai dai amsa min. Wata goma kana karɓar allura mai kauri. A wane keke kake sa ta?"

"Ajiya nake yi."

"Ta kekunan da ka sayar wa mai gwangwan? Takwas a kilo arba'in? Ko tsotse su aka yi kafin a ɗora a sikeli?"

Sajan ya danne dariya. Maigida bai yi ba.

"Ni ban gane ba," in ji shi. "Idan sata ya yi, ta yaya makinsa ya hau?"

"Hanya biyu ake ɗaga wannan lamba, ranka ya daɗe. Ko a ƙara riba, ko a rage kaya. Aikin da kake ba kowane reshe ba ya cin keke ashirin sai lokacin komawa makaranta, shi ya sa ribarsa ta ɗan ragu kawai. Kayan kuwa ya zaftare kusan rabi. Mayar masa da takwas ɗin ka sake rabawa."

Akawu ya riga ya danna kalkuleta. "Kashi goma sha takwas," ya ce a hankali.

Malama ta faɗi lambobin uku. Akawu ya same su a jerin matattu, ɗaya bayan ɗaya. Mai Turare ya buɗe baki, ya dubi ƙofa, ya ga sajan ya cika ta.

Da rana aka sauke kekuna takwas daga mota a ƙofar reshen tasha, da shuɗin fenti a jikinsu. Makanike ya jona na farko, ya taka, ya ɗinka. Auta ba ta ɗauki komai ba. Mai Turare ne ya sa hannu da sunan Makanike, ya sayi rasit a wurin mai gwangwan, ya kwashe kekunan zuwa shagon matarsa.